Shekara bakwai ina riƙe da gidan man da raina bai taɓa so ba

Assalamu alaikum. Ni manajan gidan mai ne a cikin garin Katsina, kuma tun ranar da na kama aikin har zuwa yau ban taɓa wayar gari ina ɗokin tafiya wurin ba. Na daɗe ina ɓoye wannan magana, don a wurinmu idan mai albashi ya ce ba ya son aikinshi, sai a ga kamar butulci yake yi wa Allah. Na gode wa Allah da aikin, da shi na riƙe gidanmu. Amma raina bai so shi ba, kuma na san akwai ire-irena da yawa a shaguna da gidajen burodi da kamfanonin ruwan leda, an damƙa masu mutane da dukiya alhali zuciyarsu tana wani wuri. Saboda su na zauna yin wannan rubutu.

A cikin birni aka haife ni, wajen Ƙofar Marusa. Mahaifina tela ne. Tun ina firamare ba abin da ke burge ni kamar malami a gaban allo, don haka da na gama sakandare sai na shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina na karanta lissafi. Na koyar shekara biyar a wata makarantar kuɗi a kan naira 18,000 a wata. Kuɗin ba ya kai ni tsakiyar wata, amma ina barci da daɗi.

A 2018 Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, keken ɗinki ya tsaya. Ga magani, ga ƙanne huɗu a makaranta, ga iyalina. Wani aminin Baba ya ɗauke ni ya kai ni wurin wani Alhaji mai gidajen mai. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, an ce mani ka iya lissafi, kuma hannunka ba ya ɗauka. Abin da nake nema ke nan." Albashin da ya faɗa ya ninka nawa sau uku. Ban ko nemi a ba ni kwana in yi shawara ba. Ranar da na je sallama da 'yan ajina, na kasa ƙarasa maganar, sai na juya na goge allo na fita.

Na fara a matsayin mai karɓar kuɗi, bayan wata takwas aka ba ni gidan gaba ɗaya: tankuna huɗu a ƙasa, bakin famfo takwas, yara goma sha ɗaya, masu gadi biyu.

Abin da ya fara damuna wari ne. Wanda ya tsaya minti biyar ya sha mai ya wuce bai san shi ba. Warin fetur yana kama tufa, ya kama gashi, ya bi mutum har kan dardumar sallah. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, za ka ga tururin mai yana rawa a iska a bakin tanki, kuma kullum da ciwon kai nake komawa gida. Akwai daren da na shiga, ɗana mai shekara uku ya taho da gudu, na ɗauke shi, sai ya kau da kai ya toshe hanci ya zame ya koma jikin uwarshi. Tun daga ranar na rataye riga ɗaya a zaure, sai na canza na wanke hannu da fuska kafin in yi sallama.

Wanda ya fi wari ciwo shi ne zargi. A aji aikina in yarda da yaro har ya yarda da kanshi. A gidan mai kuwa an ɗauke ni ne in zargi kowa, direban tanka da karen motarshi, yaran famfo, mai gadi, mai gyara. Shi ma Alhaji haƙƙinshi ne ya zarge ni, kuma waya ba ta da lokaci, ƙarfe ɗayan dare zai iya kira ya tambayi abin da ya rage a tanki na biyu.

Shekarar farko na yi kuskuren da nake so kowa ya guje mashi. Na bari haushin aikin ya bi jikina ya sauka a kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Sai in zo a makare, in shige ofis in rufe ƙofa. Yaro ya zo da tambaya in daka mashi tsawa a gaban masu shan mai. Lissafin da ya kamata a rufe kullum sai in tara shi kwana uku ko huɗu don ba na son ganin littafin. Ina ganin tunda ba na sata, na sauke nauyi.

A cikin 2019, lita tana naira 145, lissafin wani yaro ya nuna giɓin naira 14,500 a ƙarshen wata. Ɗan shekara goma sha tara ne, maraya, ba shi da yawan magana. Na kira shi, ya ce, "Oga, wallahi ban ci ba." Na ce mashi kowa haka yake cewa. Na cire kuɗin daga albashinshi cikin wata biyu, a wata na uku bai dawo ba, ni kuma na ɗauka rashin gaskiya ce ta kore shi. Bayan kamar mako shida sai direban gidan Alhaji ya zo da ɗan littafinshi don mu daidaita man da aka zuba wa motocin gida. Ina buɗewa na ga lita 20 sau biyar, duk a famfon yaron nan, duk a wancan watan. Lita ɗari, naira 14,500 cif. Ni ne nake leƙowa ta taga in ce "zuba mashi", in koma in zauna ban rubuta komai ba.

Da la'asar na nemi gidansu a wajen Ƙofar Sauri. Na tsaya a zaure da kuɗin a ambulan, daga aljihuna. Mahaifiyarshi ce ta yi magana daga bayan labule, ban ga fuskarta ba. Ta ce, "Malam, kuɗi dai ga su sun dawo. Sunan ɓarawo da ya kwana da shi wata uku fa, wa zai maido mashi?" Ban samu abin cewa ba. Yaron ya yafe mani, amma ya ƙi komawa aikin, ya riga ya fara koyon walda. Washegari na tara sauran yaran na faɗa masu laifina ne, da bakina.

A daren na zauna kusa da Baba na ba shi labarin duka, har da cewa na tsani aikin. Maganarshi a lokacin ba ta fita sosai, sai ka kasa kunne. Ya ce, "Ni ma ba kowace riga nake son ɗinkawa ba. Ka taɓa ganin na rage wa wani yadi?" Ya huta ya ƙara da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski. A 2020 Allah ya yi mashi rasuwa, Allah ya jiƙan shi.

Na gane cewa ba zan iya tilasta wa zuciyata son aikin ba, kuma ba zan iya dogara da ita ta tashe ni in yi shi daidai ba. Sai na kafa wa kaina tsari a rubuce, wanda zai yi tafiya ko ina cikin walwala ko ina cikin ƙunci. Ga yadda yake, ko wani zai ɗauki abin da ya dace da nashi wurin.

Kullum bayan sallar asuba, kafin a kunna famfo ko ɗaya, ni da mai karɓar kuɗi muna auna kowane tanki da sanda. Da sassafe ake yi don man ya kwana a natse kuma rana ba ta taɓa shi ba. Ana zura sandar a hankali har ta taɓa ƙasa, a ciro, a karanta, a goge, a sake, sai awo biyu sun zo ɗaya ake rubutawa. A ƙasan sandar muna shafa man gano ruwa, wanda yake juyewa ja idan ya haɗu da ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, a gindin tanki yake kwanciya, kuma da damina yana shiga ta murfin da robarshi ta mutu. In ya taru har famfo ya ja shi, motocin mutane za su riƙa mutuwa a bakin titi, sunan gidanka kuma ya ɓaci a gari cikin yini ɗaya.

Lissafin kanshi mai sauƙi ne. Abin da ke tanki jiya da safe, a haɗa da abin da aka sauke, a cire abin da mitocin famfo suka ce an sayar. Misali jiya akwai lita 21,400, an sayar da 6,150, ya kamata sanda ta nuna 15,250. In ta nuna 15,230, lita 20 ba abin tayar da hankali ba ce, tururi da bambancin zafi suna cin wannan. Ƙa'idar da na riƙe, duk giɓin da ya wuce rabin lita a kowace ɗari na abin da aka sayar, ba na tashi sai na san dalili. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne inda giɓin yake karkata. Idan yau ya ɗan ragu gobe ya ɗan ƙaru, lafiya lau. Idan kullum raguwa yake yi, to ko bututu na yoyo a ƙasa, ko famfo na ba da fiye da abin da mita ta rubuta, ko wani na ɗiba da dare. Idan kuma kullum rara kake gani, kada ka yi murna, famfonka ne yake tauye mutane. Duk wannan ba ya bayyana ga wanda ke tara lissafin kwana huɗu kamar yadda nake yi a da.

Darasin yaron nan ya haifar da doka ɗaya da ban taɓa sassautawa ba: lita ko ɗaya ba ta fita daga bakin famfo sai da kuɗi ko takarda. Man janareta, man motocin gida, man gwaji da za a mayar tanki, kowanne da 'yar takarda mai kwafi biyu da sa hannuna, ɗaya a hannun yaron, ɗaya a ofis. Ko Alhaji da kanshi ya shigo, sai na rubuta kafin a zuba. Da farko abin ya ba shi mamaki, daga baya shi ke tunatar da ni. A canjin aiki kuma, mai sauka da mai hawa suna tsayawa tare a gaban mita, su karanta, su sa hannu. Giɓi a ranar ake nuna wa mai shi, a lokacin da zai iya tuna wanda ya ba canji da wanda ya gudu bai biya ba. In har ya tabbata nashi ne, ba na cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na albashinshi a wata, don yaron da aka kwashe wa albashi kaf yunwa za ta koya mashi satar da bai iya ba.

Saukar tanka ita ce inda manaja ke tsira ko ya nutse. Nan ma ba na wakilta kowa, ko da ƙarfe biyun dare ta iso. A tsayar da ita a wuri mai daidai, a kashe inji, a bar man ya natsa kamar minti ashirin zuwa talatin. A wannan lokacin ina duba takardar daffo, lambar mota, da lambobin hatimin da ke kan murafe da bakin bututu. Hatimi in ya karye ko lamba ta saɓa, ba na saukewa sai na kira mai kaya. Sannan in hau in auna kowane ɗaki na tankar, mai lita 33,000 galibi ɗaki uku gare ta. In ɗebi samfuri a farar kwalba in duba launi, in sa ma'aunin nauyi. Fetur mai kyau nauyinshi yana tsakanin 0.72 da 0.78, kananzir da gas, wato dizal, sun fi shi nauyi, don haka in an gauraya ma'aunin zai tona. Kafin a buɗe bawul sai na tabbatar tankin ƙasa yana da wurin da zai ɗauke kayan, an tsayar da famfunan da ke jan shi, an maƙala wayar ƙasa a jikin motar saboda tartsatsi, an ajiye abin kashe wuta kusa. Kuma da idona nake bin tiyo daga mota har bakin tanki, don juye gas a tankin fetur kuskuren minti ɗaya ne da ke cin miliyoyi.

Akwai abin da ya rage mani faɗa da direbobi. Fetur yana kumbura da zafi, ya tsuke da sanyi, kusan lita ɗaya a kowace dubu idan zafin ya sauya da digiri ɗaya. Tankar da aka loda da tsakar rana a kudu ta iso Katsina da asubar hunturu, in man ya huce da digiri biyar, za ta iya rasa sama da lita 160 ba wanda ya taɓa ta. Wanda bai san haka ba zai zagi direba a banza. Wanda ya sani kuma ba za a yi mashi wayo a ce lita 600 sanyi ya sha ba. Duk abin da na gani ina rubuta shi a jikin takardar, direba ya sa hannu, in ɗauki hoto in tura wa Alhaji kafin motar ta bar harabar. Ba zagi, ba ɗaga murya, har shayi nake sa a kawo mashi.

Game da yara, abin da na koya da wuya shi ne kada su taɓa jin ƙorafin aiki daga bakina. Ranar da manaja ya ce "ni ma na gaji da wurin nan" a gaban yaranshi, ya ba su lasisin sakaci, kuma maganar za ta isa kunnen mai gida da ƙari. Haka ba na zagin Alhaji a gabansu ko da ya ɓata mani rai, kuma ba na fakewa da shi in ce "ba ni ba ne, daga sama ne" a kan hukuncin da ni na yanke. Faɗa a ofis nake yi, ƙofa a rufe, in fara da tambaya. In raina a ɓace yake, sai in ce a dawo bayan sallah, domin na lura mafi yawan hukuncin da na yi nadama a kai kafin azahar na yanke su, cikin rana da hayaniya. Jadawalin aiki ranar Juma'a nake liƙa shi don kowa ya san ranar hutunshi. Sallah bi da bi ake zuwa, famfo ba ya zama ba kowa. Da azumi masu tsayuwar rana ba sa wuce awa shida. Albashi kuwa tun 25 ga wata nake kai wa Alhaji takardar, in bi ta har ta fito. Waɗannan yaran ba su suka hana ni koyarwa ba.

Shekarun da suka biyo baya sun gwada tsarin sosai. A Fabrairun 2022, da aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan aka shiga wahalar mai, layi yakan kwana a ƙofarmu. 'Yan bumburutu suna zuwa da dare da jarkoki da cin hanci a hannu, masu hali suna aiko da gaisuwa a shigar da su ta ƙofar fita. Na raba layi uku, motoci, Keke Napep, babura, na sa iyakar abin da za a ba kowa, na tsaya da kaina a bakin ƙofa. An zage ni har da iyayena. Wani ɗan uwana na jini ya yi wata biyu ba ya gaishe ni don na ce ya bi layi.

A ƙarshen 2022 kuma aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace. Kowa sai tiransfa, ga saƙon bogi, ga intanet da ke ɗaukewa. Na ware waya ɗaya da mutum ɗaya, ba a sakin mota sai kuɗin ya bayyana a asusun gidan mai, saƙon da ke wayar mai saye ba hujja ba ne. Na kuma gano masu POS suna zagayowa suna sayen tsabar kuɗi a hannun yara da riba, su mayar masu ta tiransfa. Sai na sa duk wanda kuɗin hannunshi ya kai 50,000 ya kawo a ƙirga a sa a ambulan mai sunanshi a jefa a sef.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Ina da kusan lita 27,000 a ƙasa. Kafin magariba Alhaji ya kira ya ce in rufe. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutane na layi, kuma in hukuma ta zo ta auna ta ga mai, gidan za ta garƙame." Ya ce ya ji, in rufe. Na rufe kwana biyu. Abin da kawai na iya, ban yi wa kowa ƙaryar cewa babu mai ba, na ce umarni aka ba ni in dakata. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na san hujjar masu gidajen mai, tankar da ake saye miliyan shida ta koma kusan ashirin, in ka sayar a tsohon farashi ba za ka iya sake lodi ba. Duk da haka fuskokin masu Keken da suka kwana a ƙofar nan ba su bar ni ba, kuma ina neman gafarar Allah a kan rabona a ciki.

Inda na kafe shi ne famfo. Bayan tashin farashi ciniki ya faɗi, mutane suka ajiye motoci suka koma babura. Wani daga cikin dangin mai gidan da ke zagaya gidajen ya zo da mai gyara, suka ce a "ɗan daidaita" famfunan, rabin lita a kowace goma, ba mai ganewa. Na yi lissafin a gabansu. A cinikin lita 6,000, lita 300 ke nan kullum, a naira 600 ya kama 180,000 daga aljihun 'yan acaɓa da masu kai yara makaranta. Ban yi musu da su a harabar ba. Na bari bayan isha'i na tafi gidan Alhaji da littafina, don irin wannan magana ba ta waya ba ce, kuma ba a yi wa babba ita a gaban mutane. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Alhaji, gida naka ne, dukiya taka ce, duk inda ka ce in rage kashe kuɗi zan rage, ga ma wurare uku na rubuto. Amma awo ba zan taɓa ba, kuma ba za a taɓa ina riƙe da makulli ba. Ni da kai duk mun san abin da Allah ya ce a kan masu tauye mudu. In an matsa, ga makullan, ba tare da ɓacin rai ba." Gabana yana faɗuwa, don ban da komai a ajiye a lokacin. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Tashi ka tafi, Malam, na ji." Wata biyu yana amsa gaisuwata a daƙile. Famfo dai ba a taɓa ba.

Har yau kowace Litinin ina gwada kowane bakin famfo da gwangwanin awo mai lita 20, sau ɗaya da gudu, sau ɗaya a hankali. In bambancin ya wuce kamar mililita ɗari ko ta wane ɓangare, a rufe famfon a kira mai gyara, in tsaya a kanshi har ya gama. Jami'an NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan gidajen mai, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar DPR a 2021, in sun zo dubawa ba na neman inda zan ɓuya, littafin gwajin nake miƙa masu.

Ba zan ce wannan duka ya sa na so aikin ba. Abin da ya yi mani shi ne ya rage tsoro, don wayar dare ba ta firgita ni tunda amsar tana rubuce. Nauyin zuciyar kuwa na nema mashi wurin saukewa nesa da gidan mai. Akwai abokina ɗaya tun na kwaleji, shi kaɗai nake buɗe wa cikina, sai maiɗakina, ita ma ba kullum ba don kada in mayar da gida wurin makoki. Na roƙi Alhaji yinin Asabar daga azahar, ya ba ni. A zauren gidanmu na kafa allo ina koya wa 'yan unguwa masu shirin WAEC da JAMB lissafi. Awa ukun nan su ke riƙe ni sauran kwana shida.

Na kuma daina cewa "wata rana zan bari" ba tare da shiri ba. Na shiga adashi, na ware kashi ɗaya cikin goma na albashi ba na taɓawa. Ƙannena biyu sun gama karatu, ɗaya ta yi aure, nauyi ya ragu. Na kama hayar ɗakuna biyu a wajen Ƙofar Ƙaura, na sa kafinta ya yi benci goma sha biyu. Wata biyu da suka wuce na je na shaida wa Alhaji cewa nan da wata shida zan sauka, don ya samu lokacin shiri. Ya ce in ƙara tunani, ya yi maganar ƙarin albashi. Na gode mashi na ce na riga na yi istihara.

Yanzu mai karɓar kuɗinmu nake koya wa aikin. Na rubuta mashi komai a littafi mai bango mai kauri, har da lambar mai gyaran janareta da tankin da sandarshi ke ɗan karkata. Daren Laraba da ta wuce tanka ta iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ce yau shi zai karɓa, ni ina gefe ba zan ce komai ba. Ya duba hatimi, ya jira man ya natsa, ya hau da tocila a baki. A ɗaki na uku ya ciro sanda, ya daɗe yana kallon ƙasanta, sannan ya leƙo ya ce, "Oga, ja ne. Akwai ruwa." Direba ya fara rantse-rantse. Yaron bai tanka mashi ba, ya sauko ya sa aka kawo bokiti aka tsiyaye ta ƙasa har ruwan ya ƙare, ya auna abin da ya fita, lita 38, ya rubuta a takarda ya miƙa wa direban biro. Sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi muka rufe. Na hau babur na nufi gida, na canza riga a zaure. Saura wata huɗu.